Darasi: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ɓawon Bishiya a Baƙi-da-Fari da Wayar Hannu

A bidiyon da muka gwada kyamarorin wayoyi, mutane da yawa sun lura cewa ban tsaya kan hoton fuska ko na abinci ba kamar yadda aka saba. Sai ga ni na kafa waya a jikin bishiya ina ta ɗauka. Wasu sun yi dariya, wasu sun tambayi dalili. Amma saƙon da ya sa na zauna rubuta wannan darasin na wani ɗan'uwa ne da ke aikin gadi a nan Ingila. Ya ce ya ga hotunan baƙi-da-fari da na nuna a ƙarshen bidiyon, sun shiga ransa, har ya fara tara kuɗi zai sayi babbar kyamara ta sama da fam dubu. Ya kuma ce kuɗin makarantar ƙannensa a gida na wuyansa, don haka in gaya masa gaskiya.

Gaskiyar ita ce, duk hotunan nan da waya na ɗauke su, wayar ma ba sabuwa ba. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa wata guda, ya yi abin da zan bayyana a nan, sannan mu sake magana. Ga darasin, domin shi da duk mai irin tunaninsa.

Wane irin hoto muke magana a kai?

Yawancin hotunan da muke ɗauka amsa suke bayarwa: wannan wane ne, wannan ina ne, me aka ci a wurin bikin. Akwai kuma wani nau'in hoto da Turawa ke ce wa abstirak, ni kuwa ina ce masa hoton siffa zalla. A irinsa mai kallo ba ya gane abin da aka ɗauka da kallon farko. Layuka yake gani, da tsagogi, da kaushi, da haske da duhu. Wani zai ce taswira ce, wani ya ce busasshen tafki ne da ƙasarsa ta tsattsage, wani ya ce fatar kada. Sai daga baya ka ce masa ai jikin bishiyar ƙofar gidanku ce.

Ba yau aka fara ba. Edward Weston, wani mai hoto ɗan Amurka, ya ɗauki hoton tattasai guda ɗaya a 1930, ya fito tamkar jikin ɗan kokawa, kuma har gobe ana koyar da shi. Shi ne kuma ya yi ta ɗaukar saiwoyi da kututturan itatuwa a gaɓar teku ta Point Lobos a Kalifoniya. Aaron Siskind kuwa, daga shekarun 1940, bangon da fentinsa ya ɗaɗɗago yake bi yana ɗauka daf-da-daf, har hotunansa suka shiga gidajen adana zane-zane. Kayan aikin da mutanen nan suka riƙe ba su da ko ɗaya daga cikin dabarun da ke cikin wayarka. Abin da suka fi mu shi ne sanin inda haske ya fito da inda ya faɗa.

To me ya sa baƙi-da-fari? Saboda launi gulma gare shi. Da zarar ido ya ga ruwan ƙasa da ɗan kore, ya gama yanke hukunci: bishiya ce, a wuce. Idan ka cire launin, dole ido ya tsaya ya bi layi.

Me ya sa ɓawon bishiya?

Dalili na farko, kyauta ne, kuma ba ya gudu. Ba ya ƙyafta ido, ba ya cewa a goge a sake. Kana iya komawa wurinsa sau goma.

Na biyu, kowace bishiya da irin zanenta, kuma akwai dalili. Bishiya daga ciki take ƙiba. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn sashe mai rai da ke ƙara nama kowace shekara, ɓawon waje kuwa matacce ne, ba ya miƙewa sosai. Ganga na kumbura, riga ta matse, to ko dai ta tsage ko ta ɓare. Yadda kowane iri ke warware wannan matsalar shi ne zanen da kake gani.

A nan Landan, bishiyar da ta cika tituna ita ce wadda ake kira London plane. Ita ɓarewa take yi falle-falle, sai jikinta ya zama dabbare-dabbare, toka-toka da rawaya-rawaya da kore-kore, sak kakin soja. Waɗanda ke Berkeley Square tun 1789 aka dasa su. Oak tsagewa take yi, tsagogi masu zurfi daga sama zuwa ƙasa. Birch fara ce, da gajerun layuka baƙaƙe a kwance, waɗanda ƙofofin shaƙar iska ne. A Greenwich Park akwai tsofaffin itatuwan chestnut da aka dasa a shekarun 1660, ɓawonsu ya murɗe yana zagaya ganga kamar an matse wanki.

Dalili na uku shi ne ya sa nake saka shi a gwajin waya: ɓawo ba ya rufa wa kyamara asiri. Fuska manhajar waya ta san ta, ta san yadda za ta shafe ta ta yi kyau. Sararin sama ma haka. Amma dubban ƙananan tsagogi marasa tsari, nan ne za ka ga ko wayar ta ɗauko abin da ke wurin, ko ta dama shi kamar fenti ta zana masa baki.

Darasin da ya fi kowanne: zagaya bishiyar

In ba za ka riƙe komai a rubutun nan ba, riƙe wannan. Kaushi ba ya fitowa a hoto sai da inuwa. Kowane ɗan tudu a jikin ɓawo sai ya jefa 'yar inuwarsa a gefe kafin ido ya gane tudu ne. Inuwa kuwa daga gefen da haske ya fito take samuwa.

Gwada a ɗaki yau da dare. Kashe fitila, kunna tocilan waya, haska bango kai tsaye: za ka gan shi sumul. Yanzu manna tocilan a jikin bangon, hasken ya bi shi a kwance. Duk wani ƙurji da mai fenti ya bari zai tashi tsaye. Bango ɗaya ne, wurin fitila kawai aka sauya.

A waje ba ka da ikon matsar da rana. Amma gangar bishiya zagayayya ce, wannan kuwa babbar kyauta ce. In ka zagaya ta sau ɗaya a hankali, za ka ga haske iri huɗu a jikinta:

1. Inda rana ke bayanka. Hasken ya daki ɓawon gaba da gaba, ya cike kowace tsaga. Nan ne kowa ke tsayawa saboda ya fi haske, kuma nan ne hoto ya fi mutuwa.
2. Inda rana ke gefen kafaɗarka, dama ko hagu. Hasken na shafar ɓawon a kwance, tsagogi sun yi baƙi, tudu sun yi fari. Wurinmu ke nan.
3. Daidai iyakar da haske ke ƙarewa inuwa ta fara. Wani siririn wuri ne, faɗinsa bai fi tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Kan tudu kawai ke kama haske, sauran duk duhu. Hotunan da suka fi ɗaukar ido a nan nake samunsu.
4. Bayan bishiyar, cikin inuwa. Hasken mai laushi ne, ba baƙi ƙirin ba fari fat. Ya dace da bishiya mai santsi ko mai dabbare-dabbare irin plane, wadda kyanta a bambancin faci-facinta yake, ba a zurfin tsaga ba.

Mu da ke Ingila muna yawan kuka da hunturu, amma ga mai wannan aikin lokacin girbi ne. A Disamba rana a Landan ba ta haura kusan digiri 15 sama da doron ƙasa ko da tsakar rana, kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Ma'ana duk ranar da ta fito, yini guda a kwance haskenta yake. Ga ganye ya zube, babu abin da ya tare gangar. Ni a irin wannan lokacin na fara, shekarar da duhun hunturu ya dame ni, na rasa abin da zai fitar da ni daga ɗaki. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta taɓa tsayawa ta tambaye ni ko wani abu ya samu bishiyar, ganin na kusa minti ashirin hancina a jikinta. Na nuna mata hoton, ta ce ita shekara da shekaru tana wuce bishiyar nan ba ta taɓa ganin wannan ba.

Waɗanda ke ƙasashen zafi, Kumasi ko Yawunde ko Jidda ko Anjamena, ranarku da wuri take hayewa sama. Ku nemi sa'a ɗaya zuwa biyu bayan fitowarta, ko bayan la'asar. Da tsakar rana ganye ne zai yayyanka muku hasken, ya bar tabo fari-fari a jikin gangar, hoton ya rikice.

Ranar da gari ya lumshe fa? Ba a fasa ba. Hasken gajimare, ko na hazon hunturun gida, irin na lamba huɗu ne. A je wa bishiyoyi masu santsi. Bayan ruwan sama kuma ɓawo na yin duhu, tsagoginsa su ƙara fitowa.

Hana wayar yi maka shisshigi

Wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka ba in ka danna. Da yawa take ɗauka a jere, ta haɗa su, ta haska inuwa, ta rage haske, ta ƙara kaifi, duk kafin ka gani. A wurin biki wannan taimako ne. A jikin bishiya kuwa inuwar da ka sha wahalar nema ita take gogewa. Ga abin da nake yi, bi da bi.

*Goge gilashin kyamarar.* Kar ka raina wannan. Maiƙon yatsa na sa baƙi ya koma toka-toka, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi daidai.

*Kar ka matsa da yawa.* Kuskurena na farko ke nan. Babbar kyamarar waya ƙofar haskenta a buɗe take sosai, wajen f/1.8 a wayoyi da yawa, kuma yawanci ba a iya tsuke ta. In ka matso kusa, ɗan siririn wuri ne kawai zai fito tar. Ganga kuwa lanƙwashe take, sai tsakiya ta fito, gefe biyu su dushe. Maganin shi ne ka ja baya kamar tsawon hannu, ka danna 2x ko 3x in wayarka na da kyamarar jawo nesa ta gaske. Ka zaɓi bishiya mai kauri, don jikinta ya fi kusa da shimfiɗaɗɗe. Ka kuma riƙe wayar a tsaye, fuskarta na kallon gangar daidai, ba a karkace ba.

*Yi hattara da makro.* Daga iPhone 13 Pro na 2021, in ka matso sosai wayar da kanta take komawa kyamarar nan mai faɗin gani, ta ɗauka har daga santimita 2. Wayoyin Android da dama ma haka suke yi. Abin burgewa ne, amma wannan kyamarar sau da yawa ba ta kai babbar inganci ba, musamman in haske ya yi ƙasa. In ka ga alamar fure ta fito a allo, taɓa ta ka kashe, ka gwada duka biyun ka kwatanta. Su kuwa ƙananan kyamarorin makro masu megafiksel 2 da ake liƙa wa wayoyi masu araha, a bar su kawai. Babbar kyamara da yanke hoto daga baya ta fi su.

*Kulle saiti, ka rage haske.* Ɗora yatsa a kan wurin da kake so ya fito, ka riƙe har wayar ta nuna ta kulle. Sannan ja alamar rana ƙasa kaɗan. Dalili: ma'aunin hasken kyamara kullum so yake ya mai da abin da ke gabansa toka-toka matsakaici. In ka nuna masa baƙin ɓawon oak, sai ya haska shi fiye da kima, kan tudu su ƙone su zama fari fat babu komai a ciki. In farar birch ce, akasin haka zai yi, ya dusashe ta, sai ka ɗan ƙara. Ka tuna: inuwa ana iya ɗago ta daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan.

*Ɗauka a RAW in akwai.* Hoton JPEG dafaffen abinci ne, an sa gishiri an sauke. Mataki 256 kawai yake da shi tsakanin baƙi da fari a kowane launi. RAW kuwa ɗanyen cefane ne: mai bit 12 yana da mataki 4,096. Tunda aikinmu duk a kan matakan toka-toka yake, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. A iPhone akwai ProRAW tun daga 12 Pro. A Samsung da wasu wayoyin Android duba cikin yanayin Pro. In babu, kyamarar da ke cikin manhajar Lightroom tana ɗaukar DNG a wayoyi da yawa. In duk bai samu ba, kar ka fasa. Ɗauki JPEG ɗinka, ka dai kula da haske tun a wurin.

*Tsayar da hannu.* A yanayin Pro, bar ISO a ƙasa, 50 ko 100, saurin ƙyaftawa kuma kar ya gaza 1/125 in da hannu kake riƙe. In haske bai isa ba, jingina gwiwar hannu a jikinka, ka sa agogon daƙiƙa 3 don kar dannawa ta girgiza wayar. Filasha kuwa a kashe ta: daga gaba take haskawa, wato lamba ɗaya da muka ce tana kashe hoto.

Abin da zai shiga, da abin da zai fita

Doka ɗaya ce: kar gefen bishiyar ya fito. Da zarar an ga inda ganga ta ƙare, ko ɗan sararin sama, ko ciyawa, asiri ya tonu, hoton ya koma "ga bishiya". Cika allon da ɓawo daga kusurwa zuwa kusurwa.

Amma kaushi zalla ma gajiyar da ido yake yi, kamar a yi ta buga ganga da sauti ɗaya. Nemi abu guda da ya saɓa wa sauran: tsaga ɗaya da ta ratsa a karkace, gurbin reshen da ya faɗi ya bar ido, wurin da santsi ya haɗu da kaushi, faci fari ɗaya a tsakiyar baƙaƙe. Shi ne wurin da ido zai sauka kafin ya fara yawo. Kar ka sa shi a tsakiya cif, ɗan gusar da shi gefe.

Sannan ka duba kusurwoyi huɗu kafin ka danna. Yawancin hotunan da na zubar, wani ɗan fari ne a kusurwa ya ɓata su, yana jan ido waje.

Tunda ba a san sama da ƙasa ba a irin wannan hoton, kana da 'yancin juya shi. Tsagogin oak da ke tsaye, in ka kwantar da su, sai su zama kamar kunyoyin gona da aka hango daga jirgi.

Mayar da shi baƙi-da-fari

Ga abin da zai ba wasu mamaki: a launi nake ɗauka, daga baya nake cirewa. Bari in faɗi dalili.

Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ba ya ganin launi, yawan haske kawai yake aunawa. Don a samu launi sai aka shimfiɗa masa wata ragar tacewa, wadda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro a shekarun 1970: rabin ɗigogin kore, kwata ja, kwata shuɗi. Akwai kyamarorin da aka cire wa wannan ragar don baƙi-da-fari zalla, irin Leica M Monochrom ta 2012, ko kyamara ta biyu a wayar Huawei P9 ta 2016. Suna da kaifi, babu musu. Amma mai hoton launi yana da abin da ba su da shi: bayan an ɗauka, yana iya zaɓar wane launi ne zai zama fari, wane ne zai zama baƙi.

Misali, jikin plane. Facin rawaya da facin kore a ido sun bambanta sarai. Amma in ka zare launi kawai, sau da yawa haskensu kusan ɗaya ne, sai su narke su zama toka ɗaya, kakin sojan ya ɓace. Na farko da na ɗauka haka ya fito, kamar bangon siminti, har na ɗauka wayar ce ba ta da kyau. Ashe ni ne ban san aikin ba.

A Snapseed, wadda kyauta ce kuma tana buɗe DNG, shiga Black & White, za ka ga matatun launi: ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: kowace matata tana haska launinta, ta duhunta kishiyarsa. Ja zai haska ruwan ƙasa ya duhunta kore. Kore zai haska gansakuka ya bar ɓawon da duhu. Danna su ɗaya bayan ɗaya, za ka ga hoto biyar daban daga ɗauka guda. A Lightroom abin ya fi haka daki-daki, kowane launi da majanyinsa, guda takwas. A hoton plane nakan ɗaga rawaya, in sauke kore, nan take faci-facin su rabu.

Gyara, ba gyaran gangar Auzinawa ba

Ansel Adams da Fred Archer, wajen 1940, sun kasa hasken hoto gida goma sha ɗaya, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 10 fari fat, 5 kuma toka matsakaici. Ba sai ka haddace ba. Abin ɗauka shi ne: hoto mai rai yana da ɗan baƙi na gaske, da ɗan fari na gaske, da toka iri-iri masu yawa a tsakani. Kuskuren masu farawa shi ne su ja bambancin haske da duhu har ƙarshe, tokar ta gudu, a bar baƙi da fari kawai kamar an yi fotokwafi.

Tsarina ke nan, kuma ba ya wuce minti biyar:

Na farko, yanke hoton. Na biyu, matatar launi. Na uku, in buɗe Curves in ɗan sauke ɓangaren duhu, in ɗan ɗaga na haske, layin ya yi 'yar lanƙwasa kaɗan. Ina kallon jadawalin haske da ke gefe, wato histogiram: in tudun ya je ya manne da bangon dama, fari ya ƙone, sai in koma baya.

Na huɗu, burushi. Da shi nake ɗan duhunta gefuna, in ɗan haska wurin da nake so ido ya sauka. Masu wanke hoto a ɗakin duhu da hannu suke yin wannan tun da can, suna tare haske a wani wuri, suna ƙara shi a wani. Wannan matakin ne ke raba hotonka da na wani, ko da bishiya ɗaya kuka ɗauka.

Na ƙarshe, kuma da taka-tsantsan, Structure a Snapseed ko Clarity da Texture a Lightroom. Wannan majanyin kamar yaji yake. Kaɗan ya tayar da kaushi, da yawa ya sa farin zobe ya kewaye kowace tsaga, hoton ya yi kamar an soya shi. Wayar ma ta riga ta zuba nata tun farko in JPEG ne. Dabarata: in ja har inda ya burge ni, sannan in rage rabi. Sai in ajiye wayar, in sha shayi, in dawo in sake kallo. Sau da yawa sai na ƙara ragewa.

Turawa da bugawa

Irin wannan hoton shi ya fi kowanne shan wahala a hannun WhatsApp da Facebook, domin matse hoto ƙananan bayanai yake fara ci, mu kuwa su ne jarinmu. In za ka tura wa wani ya gani da kyau, tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba.

Kuma ina roƙonka, ko sau ɗaya, ka buga ɗaya a takarda. Hoton megafiksel 12 yana da ɗigo 4,032 a tsawo da 3,024 a faɗi. A ɗigo 300 kowane inci, ya kai kusan santimita 34 da 25, wato ya wuce takardar A4. Nemi takarda marar sheƙi. Na buga uku na rataye a falo, kuma har yau babu baƙon da ya canka ko mene ne a karon farko.

Bishiyar da ke kusa da kai

Ba sai kana Landan ba. Mutanenmu na Saudiyya, ga dabino: gurabun tsofaffin rassansa sun jeru kamar saƙar tabarma, hasken gefe na fito da su ƙwarai. Na Sudan da Cadi, ga kuka, wadda a Sudan ake ce wa tabaldi, jikinta da santsi da naɗe-naɗe kamar fatar giwa, ita hasken inuwa take so. Ga ɗakwara da ƙaro ke tsattsafowa daga jikinta yana sheƙi. A zangon Gana da Kamaru darbejiya da mangwaro ba sa wuyar samu, dukansu masu tsaga ne. Wanda kuma ya je gida hutu, ya duba maɗaci a bakin hanya. Da wuya ka ga wanda masu sassaƙe ba su taɓa ba, kuma inda raunin ya warke ya yi leɓe, zane ne da babu irinsa.

A nan sai in ja kunne: mu hoto muka zo ɗauka. Kar ka ɓare ɓawo don ya fi kyau, kar ka yi rubutu da wuƙa. Sashen nan mai rai da na ambata daf da ɓawo yake, ta nan abinci ke sauka zuwa saiwa. Bishiyar da aka sassaƙe ta zagaye, mutuwa take yi.

Aikin gida

Zaɓi bishiya ɗaya tak, wadda kake wucewa kullum a hanyar aiki ko makaranta. Ranar farko, zagaya ta, ka ɗauki hoto huɗu a wuraren haske huɗun nan, ka jera su ka kalla. Sannan ka yi mako guda kana komawa wa wuri ɗaya a jikinta a lokuta daban-daban: da safe, da yamma, ranar gajimare, bayan ruwa. A ƙarshe ka zaɓi uku kacal ka gyara. Zaɓen ukun nan zai fi ɗaukar wuya, kuma a nan ne ido ke koyo.

Shi kuma ɗan'uwanmu mai tambaya, amsata ita ce: babbar kyamara tana da abin da ta fi waya, ba zan ɓoye ba. Tana barinka ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, gangar ta fito tar daga gefe zuwa gefe, kuma hotonta na jure bugu babba. Amma ranar da za ka buƙace ta, ba sai ka tambaye ni ba. Za ka iya nuna hoto ka ce ga daidai abin da wayata ta kasa, ga kuma dalili. In ba ka kai nan ba, kyamarar fam dubu ma a gefen da rana ke bayanka za ka tsaya da ita, ta ba ka bangon siminti mai tsada. Tura kuɗin makarantar, ka fita ka zagaya bishiya.

Ku turo mana ukun da kuka zaɓa, tare da sunan wayar da lokacin da aka ɗauka. Za mu zaɓi wasu mu duba su tare a bidiyo na gaba, mu ga inda haske ya fito a kowanne. Sai mun ji daga gare ku.